Allura Biyu

Babana mutum ne mai allura biyu.
Ɗaya ta ci da mu shekara talatin a Anguwar Juma,
ita ta zana aska takwas a ƙirjin rigunan manya.
Ɗayar kuma ita ke cin mu yanzu,
safe da yamma, ta fatar cikinsa.

Kwalbar insulin a gindin randa take kwana,
cikin yashi mai laima,
don wutar layinmu baƙuwa ce,
ta leƙo, ta gaisa, ta wuce.
Inna na yayyafa wa yashin ruwa
kamar mai renon dashe.

Ran Talata muka bi ta Kwangila zuwa Shika.
A layin karɓar magani, na gabanmu
ya miƙa wani ɗan kati, ya biya canji, ya tafi.
Mu aka karanto mana lissafi ɗungurungum.
Baba ya ce, "Katin nan, a ina ake ɗinka shi?"
Mai maganin ta yi dariya, sannan ta haɗiye ta.
"Ma'aikaci ne, Baba. Daga albashi ake cira."
Ya dubi yatsunsa.
Su ma ma'aikata ne,
ba su dai taɓa sanin ƙarshen wata ba.

Sai da na yi wata biyu na gano dabararsa:
kwalbar mako uku yake ja ta kai biyar.
Rowa yake wa jininsa don tukunya ta tafasa.
Har ranar da zare ya ƙi shiga,
ya kira ni: "Ladiyo, zo ki gani,
'yan kamfani sun fara rage kafar allura."
Na karɓa, na duba.
Kafar na nan yadda take.

Sista Rifkatu ce ta ja ni gefe,
ta juya takardar awon jini, ta rubuta a bayanta
ƙofofin da zan ƙwanƙwasa.
Ofishin taimakon marasa ƙarfi, can ƙarshen baranda:
na je, na cike takarda, aka yafe mana awo ɗaya,
aka ce asusun kamar Kubanni yake a watan bazara.
Kwamitin zakka na masallacinmu sun rubuta sunansa
ƙarƙashin mutum arba'in da ɗaya,
biyu cikinsu wankin ƙoda suke jira.
Na ji kunyar gaggawata.
Ta ƙarshe, ta ja mata layi biyu:
akwai inshorar da mai sana'ar hannu zai iya shiga,
in zai biya na shekara a dunƙule.

A dunƙule!
Mu da kuɗinmu ke zuwa kamar ɗigon rufin kwano.

Sallau mai bugu ne ya ajiye taɓaryarsa,
ya ce, "Adashen Sallah muke yi shekara nawa?
Rago ɗaya, kwana uku ya ƙare."
Maɗinka sha huɗu suka zauna a zaure,
aka yi gardama har bayan isha'i.
Wani ya ce lafiya ta Allah ce.
Sallau ya ce, "Ruwan sama ma nasa ne,
amma kai ka saka indararo."
Tara suka yarda. Kwasar farko ta Baba ce.

Katin ya zo da hotonsa, ido ɗaya a lumshe.
Bai warkar da kowa ba.
Wani watan a ce mana maganin ya ƙare,
mu koma kemis a Tudun Wada da abin da ya samu.
Amma kwalba ta koma mako uku.

Yau da asuba ni na zura masa zare.
Ɗaya allurar kuwa shi ya ɗaga ta saitin taga,
yana ƙirga layukan da baki,
bai tsaya ba sai inda likita ya ce.